Tsakure Kafin Maƙala: Nazari a kan Ƙofar Shiga Taron Ma'aikatan Gidajen Tarihi

Duk ma'aikacin gidan tarihi, ko na zauren nunin zane-zane, da ya yi nufin tsayawa gaban takwarorinsa a babban taronsu don ya bayyana abin da ya gano cikin aikinsa, to, kafin a ba shi wurin tsayawa sai ya fara bi ta wata ƙaramar ƙofa, watau ya rubuta tsakuren abin da zai faɗa, galibi kalmomi 200 zuwa 300, ya raɗa masa take, ya haɗa da ɗan tarihin kansa, ya aika wa kwamitin taron tun da sauran watanni, sa'an nan ya koma ya jira hukunci. Idan an karɓa, a yanka masa minti 15 ko 20. Idan an ƙi, sau da yawa ko dalili ba a gaya masa.

Lalura ce ta haifi wannan al'ada. Lokacin da aka kafa Ƙungiyar Gidajen Tarihi ta Ingila a birnin York a 1889, jama'arta 'yan kaɗan ne waɗanda suka san juna. Amma bayan da aka kafa Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, wadda ake kira ICOM, a Faris a 1946, har babban taronta na bayan shekara uku-uku ya kai ga tara mutum fiye da 4,000 a Kiyoto ta Japan a 2019, ba ta yadda za a saurari kowa, dole a yi tankaɗe da rairaya. Wannan ba abin musu ba ne. Mas'alar ita ce wace irin rariya aka ɗauko, kuma me take zubarwa.

Wanda ya tashi a zauren malamai ya san muhtasari, kuma da ya ji an ce tsakure zai zaci ɗan'uwansa ne, alhali kuwa tsakaninsu akwai tazara mai nisa. Sa'ad da Shaihu Halilu ɗan Ishaƙa ya tsara Muhtasar ɗinsa a Masar cikin ƙarni na 14, ya tarar da fiƙihun Malikiyya ya riga ya cika ya batse, sai ya matse shi cikin gajerun lafuzza, har malaman da suka biyo baya suka yi ta warware su da sharhi da hashiya; ilmin ne ya riga zuwa, taƙaitawa ta biyo baya. Tsakuren taro kuwa a kan rubuta shi ne tun maƙala ba ta samu ba, wani lokaci ma tun aikin da za a ba da labarinsa bai ƙare ba, saboda haka ya fi kama da alkawari bisa ga taƙaitawa. Alƙalan kwamiti suna hukunci ne a kan niyya, ba su ga aiki ba. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, gaskiya ne, amma wanda ya iya tsara zance yana iya ƙawata Larabar da Juma'arta ba za ta zo da kome ba, wanda kuma ya shekara ashirin yana jinyar tsofaffin fatu da takardu, ya san warin gara tun kafin ya ga turɓayarta, yana iya kasa sa saninsa cikin sakin layi guda mai jan hankali.

Daga nan ne aibin da ya fi damuna yake fitowa. Tun da yake kowa yana so a zaɓe shi, kuma shugaban ma'aikatarsa ne zai sa hannu a kan kuɗin tafiya, sai tsakure ya karkata ga labarin nasara: mun buɗe sabon zaure, baƙi sun ƙaru, 'yan makaranta sun yi murna. Da wuya mutum ya rubuta cewa maganin da ya shafa wa wani sassaƙe ya ɓata launinsa, ko kuwa jama'ar da aka yi nuni dominsu sun ƙaurace masa, ga shi kuwa wannan ne ilmin da zai hana ɗan'uwansa a wata ƙasa faɗawa rami ɗaya. Kwamitin ICOM mai kula da adana kaya da gyaransu ya rage wannan illa ƙwarai, domin shi bayan ya karɓi tsakure sai ya nemi cikakkiyar maƙala, ita ma a tantance ta, a buga ta kafin a hallara. Hanya ce mai wahala da cin lokaci, amma ita ce ta fi kusa da adalci, don ta haɗa da'awa da hujjarta.

Sai kuma batun harshe da guzuri. Harsunan aikin ICOM uku ne, Ingilishi da Faransanci da Sifaniyanci, kuma tun daga taron farko a Faris a 1948 har zuwa na Dubai a 2025 ba a taɓa yin babban taron a nahiyar Afirka ba, ko da yake ɗan Mali, Alfa Umar Konare, ya shugabanci majalisar daga 1989 zuwa 1992. Ma'aikaci a Gidan Makama na Kano, ko a gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952, ko a na Bubu Hama da ke Yamai, zai yi tunani da harshen da ya ji labarin kayan daga bakin masu su, ya rubuta da wani, in an karɓa kuma ya shiga neman biza da kuɗin jirgi da na rajista, domin a galibin tarurruka mai maƙala ma yana biya. Akwai tallafin tafiya, amma bai kai yawan mabuƙata ba.

Duk da haka ban ga a rushe ƙofar ba. Ita ce ta ba ƙaramin ma'aikaci damar a ji shi ba tare da wani babba ya gabatar da shi ba, musamman inda ake ɓoye sunan marubuci ga masu tantancewa. Kuma tilasta wa mutum ya faɗi mas'alarsa cikin 'yan kalmomi horo ne da yake tona masa ko yana da abin faɗi. Abin da ake tattaunawa a waɗannan zauruka kuwa yana da nauyi, domin a Kiyoto aka kasa ittifaƙi a kan ma'anar gidan tarihi kanta, aka ɗage, sai a Prag, ran 24 ga Agusta 2022, aka amince da sabon ta'arifi wanda ya ambaci sa hannun al'umma cikin aikin. Idan haka ne, ya kamata takardar kiran maƙala ta tambayi abu uku a fili, wane kaya ne ko waɗanne mutane, me aka yi, me ya ƙi yiwuwa, kuma a yarda mutum ya amsa da harshen da ya fi ƙwarewa a kai, kwamiti ya ɗauki nauyin neman tafinta.