Inda Aka Kai Hira Bayan Bama-Bamai

Bahaushe ba ya jinyar baƙin ciki shi kaɗai. In an yi rasuwa sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kwana uku. Mai zuwa ya ce "ya haƙuri?", a amsa masa, a yi wa mamaci addu'a, can kuma hira ta zame zuwa tsadar hatsi da jinkirin damina. Baƙo zai ɗauka rashin kula ne. Alhali wannan zamewar ce ke riƙe mai makoki, domin tana nuna masa cewa duniya ba ta tsaya ba, kuma har yanzu yana cikinta. Majalisar dare da teburin mai shayi su ma aikin da suke yi ke nan, ko da ba a yi mutuwa ba.

Hare-haren Boko Haram sun taɓa wannan al'ada a jijiyarta, don taro suke nema. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 aka kai hari kan ofisoshin 'yan sanda da na shige da fice a Kano, mutum 185 suka rasu bisa ƙididdigar hukuma, aka kafa dokar hana fita. Bayan shekara guda aka buɗe wa ayarin Sarki Ado Bayero wuta, gwamnati ta haramta acaɓa a birnin. A Yunin 2014 bam ya tashi a gidan kallon ƙwallo a Damaturu ana tsakiyar gasar cin kofin duniya, a ƙarshen Nuwamba kuma aka far wa Babban Masallacin Juma'a na Kano. Masallaci, tasha, gidan kallo: duk inda aka saba kai damuwa ya koma abin tsoro. Majalisu suka riƙa watsewa da wuri. Wadda ta zauna ma, in baƙuwar fuska ta matso sai a sauya zance, don ba a san kunnen wa ke kusa ba.

A irin wannan yanayi tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo wasan Daɗin Kowa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da tallafin gwamnatin Amurka aka kafa tashar, da nufin rage tsattsauran ra'ayi, kuma masu zargi sun faɗi albarkacin bakinsu a kan haka. Amma abin da ya zaunar da mutane gaban talabijin daban ne. Marubutan sun ƙirƙiri gari, suka zuba masa mutanen da kowa ya sani a unguwarsu: Kamaye da Adama da rigimarsu ta miji da mata, Malam Nata'ala da almajiransa, Stephanie Kirista da ke zaune cikin Musulmi. Akwai maganar ta'addanci da gudun hijira da shaye-shaye, sai dai ba su danne labarin ba. Suna shigowa ne yadda suke shigowa rayuwa, tsakanin cefane da neman aure. A ganina nan gwanintar take. Wanda ya tsallake gawa a hanyar kasuwa ba ya bukatar a sake nuna masa jini da daddare. Gari yake so ya gani inda ake faɗa kan kuɗin haya, a kwana, a tashi lafiya. Wasan ya kuma samar da abin tattaunawa marar haɗari: mutum zai yi sa'a guda yana kushe halin Kamaye ba tare da ya waiga ba, kuma ta bakin wani ɗan wasa ya faɗi abin da ba zai iya faɗa da sunansa ba.

Finafinan Kannywood na waɗancan shekaru galibi soyayya da barkwanci suka ci gaba da yi. An zarge su da kau da kai, kuma akwai tsoro a ciki, ba shakka. Ban cika ganin laifinsu ba. Wanda ke zaune a Kano da iyalinsa ya fi mai sharhi daga nesa sanin abin da ke iya biyo bayan fim.

Matsalar ita ce akwatin talabijin ba ya tambayar mutum ya haƙuri. Yana magana, ba ya saurare. Kuma waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu, mutanen Bama da Gwoza da Baga da suka cika sansanonin gudun hijira na Maiduguri a lokacin, su ne mafi nisa da lantarki da tauraron ɗan adam, da yawansu ma Kanuri ne harshen da suke kuka da shi. Shi ya sa nake fifita aikin Fati Abubakar, mai ɗaukar hoto 'yar Maiduguri, wadda ta fara Bits of Borno a Instagram a 2015. Ta bar hoton ɓaraguzai ga kamfanonin labarai, ta ɗauki 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar Sallah, tana haɗa hotunan da kalaman masu su. Kafin ta danna kyamara dole ta tsaya ta gaisa, ta yi tambaya, ta jira amsa, kuma wataƙila wasu daga cikin waɗanda ta tsayar, jami'an tsaro da masu rabon tallafi ne kaɗai suka taɓa yi musu tambaya tun da suka baro garinsu.