Gusarwa ko Fassara: Sharhi a kan Hausar Wani Darasin Lissafi a Firamare

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan sharhi ita ce duba wani ɗan darasi na lissafi, tare da irin Hausar da ake bayaninsa da ita. Darasin shi ne wanda ake zana wa yaro siffa mai miƙaƙƙun gefuna, kamar alwatika ko murabba'i, a takarda mai gida-gida, a ce ya kai ta wani wuri ba tare da ta juya ba, ko ta kife, ko girmanta ya sake. Ƙa'idar guda ce: kowace kusurwa ta yi tafiya daidai da ta 'yar'uwarta, kuma ta fuska ɗaya.

Tsarin ilmin Nijeriya na 1977 ya tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a miƙa wannan zuwa shekara shida na firamare, sannan a 2025 Ministan Ilmi ya sanar da komawa ga Turanci. Duk da haka, malamin da ke gaban yara a Gumel ko Funtuwa, in ya ga ba su gane ba, Hausa zai koma. Saboda haka kalmomin da ke fitowa daga bakinsa abin dubawa ne.

2.0 Matsalar suna

Kalmar da Turanci ke kiran wannan aiki da ita, ita ce dai wadda yake kiran fassara da ita. Asalinta daga Latin yake, inda take nufin ɗauke abu daga wuri zuwa wuri. Malamin da ya dogara da ƙamus kaɗai sai ya ce wa yara su "fassara alwatika". Bahaushe kuwa magana yake fassarawa, ko mafarki. Ba ya fassara zane.

Wani kuma, don gudun wannan, sai ya ce "juya", tun da muna cewa an juya littafi zuwa Hausa. Wannan ya fi na farko ɓarna, domin juyawa wani darasi ne dabam, wanda siffa ke kewaya wani ɗigo. An ke nan umurci yaro da ainihin abin da ƙa'ida ta hana.

A ganina "gusarwa" ta fi dacewa. Wanda aka ce ya gusa a kan tabarma ba ya sauya inda ya fuskanta, wuri kawai yake sakewa. Yaro ya zo makaranta da wannan ma'ana a kansa.

3.0 Matsalar fuska

Fi'ilin Hausa yakan ɗauki fuskar tafiya a jikinsa. "Matsa" da "matso" ba ɗaya ba ne, domin wasalin ƙarshe na "matso" yana nuna tahowa wajen mai magana. In malami ya ce "matso da ita gida uku", ɗalibin da ke gabas da shi da wanda ke yamma za su nufi fuska biyu masu saɓani, kuma kowannensu ya bi umurni. Haka nan "sama" da "ƙasa" a fili suke a jikin allo, amma littafin yaro a kwance yake a kan tebur, inda "gaba" da "baya" suka fi zo masa a rai. Wajibi ne malami ya tsai da kalmomi huɗu, wato dama, hagu, sama da ƙasa, ya rubuta su a gefunan takardar, ya nuna cewa na takardar ake nufi.

4.0 Matsalar ƙirga

A nan ne kuskure ya fi yawa. Alal misali, a ɗauki murabba'i mai faɗin gida 2, gefensa na hagu a layi na 1, na dama a layi na 3. In aka gusar da shi gida 5 zuwa dama, na hagu zai sauka a layi na 6, na dama a layi na 8. Filin da ya rage tsakanin tsohon zane da sabo gida 3 ne kawai. Yaron da aka ce wa "ka bar gida biyar tsakani" zai fara sabon zanensa a layi na 8, ya gusar da siffar gida 7. Malami ya ja masa jan biro, alhali laifin na kalmar "tsakani" ne. Kalmar da ta dace ita ce "taku": a ɗora fensir a kusurwa ɗaya, a yi taku 5, a sa ɗigo, a yi wa sauran haka, sannan a haɗa ɗigogin da rula.

Ana iya kawo misalin dara, kuma misali ne mai amfani: gurbi 30 a jere, 5 sau 6, ɗa kuma yana tafiya gurbi ɗaya gaba, ko baya, ko gefe. Sai dai ɗan dara a cikin gurbi yake zama, kusurwar siffa kuwa a mahaɗar layi take. In ba a fayyace wannan bambanci ba, yaro zai ƙirga gidan da ya tashi daga ciki. Adon da ke maimaita kansa a jikin tabarma ko hula ya fi kusa da manufa, domin zane ɗaya ne ake ta gusarwa da taku ɗaya.

5.0 Kammalawa

Kurakuran nan uku duk daga harshe suka taso, don haka gyaransu bai rataya a wuyan malamin lissafi shi kaɗai ba. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilmi su zauna da malaman lissafi, a gwada "gusarwa" da "taku" a cikin aji, a ga abin da yara suka zana, kafin a shigar da su jerin keɓaɓɓun kalmomi.