Dokar Ƙwallon Sama a Wasan Besbol da Ijtihadin Alƙali

Daga cikin dokokin besbol, wasan nan na Amurkawa da ake dukan ƙwallo da sanda a zaga zanguna huɗu, babu wadda ta fi rikita baƙo, kai har da ɗan gida, kamar wadda ta ba alƙali ikon fitar da mai bugu tun ƙwallonsa yana sama, hannun kowa bai taɓa shi ba. Sharuɗɗanta ƙayyadaddu ne: ya kasance waɗanda aka fitar ba su kai biyu ba, akwai masu gudu a zango na ɗaya da na biyu, ko a dukkan ukun, sa'an nan ƙwallon ya lula sama cikin iyaka, inda mai tsaron ciki zai iya cafe shi da ƙoƙari na al'ada.

Illar da aka gina hukuncin a kanta ita ce toshe ƙofar hila. Domin kuwa kafin a kafa dokar a 1895, mai gudu yakan shiga tsaka mai wuya: in ya bar zangonsa aka cafe ƙwallon, a jefa can a fitar da shi, in kuma ya tsaya, sai mai tsaro ya saki ƙwallon da gangan, gudu ya wajaba a kan kowa, a fitar da mutum biyu lokaci guda. Da zarar alƙali ya ɗaga hannu ya shelanta, wajibcin gudun ya faɗi.

Amma fa nassin dokar bai shata layi a ƙasa ba, bai kuma auna ƙoƙarin al'ada da mudu ba. Ya bar wa alƙali ya duba iska da matsayin mai tsaro, ya yanke cikin ƙiftawar ido. A nan saɓani yake. Ranar 5 ga Oktoba, 2012, a birnin Atlanta, Andrelton Simmons na ƙungiyar Braves ya ɗaga ƙwallo a zagaye na takwas, Pete Kozma, mai tsaron ciki na ƙungiyar Cardinals, ya bi shi da baya da baya har kimanin ƙafa 225 daga wurin bugu, sa'an nan ya kauce, ƙwallon ya faɗi tsakaninsa da abokin wasansa Matt Holliday. Ashe alƙali Sam Holbrook ya riga ya ɗaga hannu, ko da yake a makare. 'Yan kallo suka yi ta ruwan kwalabe, wasa ya tsaya minti 19, Cardinals suka ci 6 da 3, aka kuma yi watsi da ƙarar Braves, tunda ijtihadin alƙali ba a warware shi.

A ganina zahirin nassi yana tare da Holbrook, domin Kozma ya isa ƙarƙashin ƙwallon ba da wahala ba. Amma maƙasudin dokar ba ya tare da shi, gama daga wannan nisa da wuya hilar fitar da mutum biyu ta yiwu, sai ga dokar da aka yi domin kare masu gudu ta cutar da ƙungiyarsu.