Allon Sauka a Ofishin Farfesa: Nazari a kan Kayan Tunawa na Malaman Jami'a

Ofishin malamin jami'a ɗaki ne na hukuma, domin jami'a ce ke bayar da shi tare da tebur da kujera da kantar littattafai, ita ce kuma ke karɓar makullinsa idan wa'adin aiki ya cika. Duk da haka, sau da yawa akan tarar a ofisoshin manyan malamai na Kano da Zariya da Sakkwato akwai abubuwan da ba sa cikin lissafin kayan hukuma, waɗanda mai ofishin ya zo da su daga gida ya ajiye inda ido zai riƙa kaiwa. Su ake nufi da kayan tunawa a nan, wato abubuwan da darajarsu ta dogara ga wanda ya bayar da su da lokacin da aka same su.

Mafi yawansu a fili ma'anarsu take: hoton ranar yaye ɗalibai, da lambar yabo daga ƙungiyar ci gaban gari, da tsarabar wani taro a Alƙahira ko Landan. Waɗanda suka fi cancantar nazari su ne kayan da suka fito daga makarantar allo, domin yaron da ya tashi a ƙauyukan Makoda, ko Koguna, ko maƙwabciyarsu Dambatta, yakan fara riƙe allo kafin ya riƙe fensir, kuma ko ya zama farfesa wannan karatu ne tushensa. Daga cikinsu akwai allon zayyana, wato allon da ake ƙawatawa da zane mai launuka a rubuta Fatiha da farkon Baƙara domin ranar saukar Alƙur'ani. Akwai gafaka, jakar fata da ake adana Alƙur'ani rubutun hannu a cikinta. Akwai kuma buzu da kurtun tawada da alƙalamin kara, waɗanda galibi na mahaifi ne ko na alaramman da ya biya wa mutum karatu.

Muhimmancin waɗannan kaya yana fitowa ne idan aka dubi yadda tsarin ilimi guda biyu, na zaure da na jami'a, ke shaidar masani. A tsarin zaure, ana sanin malami da malamansa, shi ya sa ake ba da ijaza, wato izinin da malami ke bai wa ɗalibinsa na koyar da wani littafi, tare da silsila, jerin sunayen waɗanda karatun ya bi ta hannunsu har zuwa ga marubucin. Takardar digiri kuwa sunan jami'a take ɗauke da shi da sa hannun shugabanninta, ba ta ambaton wanda ya ɗora wa mutum harafin farko. Saboda haka allon da aka jingina kusa da kundayen digiri yana cike wannan giɓi ne, yana mayar da sunan alaramman ƙauye cikin tarihin ilimin mai ofishin. Jami'ar Bayero kanta tana da irin wannan asali, tun da ta faro ne a 1960 a matsayin kwaleji a cikin Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, kafin ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Akwai kuma amfanin da ya shafi ɗalibi: ɗan manomin da ya shiga ofishin a ɗarare, idan ya ga irin allon da ya bari a zauren gidansu, yakan samu ƙarfin gwiwar buɗe baki ya yi tambaya.

Inda matsala take shi ne makomar kayan. Ƙasar Hausa ta san adana gidajen shugabanni: gidan Sardauna a Kaduna ya zama cibiyar bincike ta Arewa House a 1970, gidan Malam Aminu Kano na Gwammaja, wato Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero. A Landan an mayar da gidan Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam da ya rasu a 1939, gidan tarihi a 1986, aka bar ɗakin karatunsa da tarin gumakan tarihi da ya jera a kan teburinsa. Malamin jami'a a ƙasar Hausa bai cika samun wannan gata ba. Tun daga dokar ritayar malaman jami'a ta 2012 farfesa yana ajiye aiki yana da shekara 70, sai a kwashe kayan a kwalaye zuwa gida, idan kuma ya rasu su shiga cikin dukiyar da magada za su raba. Littattafai akan yi musu kuɗi, wani lokaci a ba da su ga ɗakin karatu, amma tsohon allo da buzun da gashinsa ya zube ba su da farashi a wurin rabon gado, don haka sukan faɗa hannun wanda bai san labarinsu ba.

Wannan asara ce ta gaske ga tarihin ilimi, kuma maganinta ba shi da tsada, domin abin da ake buƙata shi ne kowane sashe ya zauna da malaminsa kafin ya miƙa makulli, a ɗauki hoton kowane abu, a rubuta sunan wanda ya bayar da shi, da tsangayar da ya fito, da shekarar da aka yi saukar.