Jinjina ga Mata Masu Dubara

Tun a shekarar 1991, sa'ad da ƙungiyar CARE ta ɗora bisa tsohuwar al'adar adashi ta kafa tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, matan karkara, waɗanda bankuna ba su taɓa ganin sun cancanci rance ba, suka riƙa haɗuwa mako mako, kowace ta zuba abin da Allah ya hore mata cikin asusu guda, sa'an nan a ranta wa wadda ke da bukata jarin da za ta sayi gyaɗa ta matse mai ta toya ƙuliƙuli, ko ta ɗaure rago ta yi kiwo har Babbar Salla. Abin da ya fi cancantar yabo, a ganina, shi ne amanar da ke tsakaninsu, domin babu jingina face mutunci da kunyar idon maƙwabciya, alhali galibinsu ba su yi karatun boko ba, da ka suke riƙe hisabi. Ribar da suke samu ita ke sayen hatsi idan rumbu ya ƙare kafin kaka, ta biya magani, ta haɗa kayan ɗakin ɗiya. Daga bisani tsarin ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama na Afirka.