Zane da Rubutu a Tashar Jambutu, Jimeta: Tsokaci kan Adabin Jikin Mota

1.0 Gabatarwa

A birnin Mosko, inda aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1935, hukuma ce ta ƙawata tashoshi da zane-zane da sassaƙe-sassaƙe. Yola kuwa, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, hanyar dogo ba ta iso ta ba, don haka tashar mota ce masaukin baƙonta. Wannan maƙala ta ɗauki tashar Jambutu da ke Jimeta domin nuna cewa adon irin wannan tasha a jikin motoci yake, kuma ya cancanci nazari a matsayin adabi.

2.0 Jigo da Salo

Mai zane kan yi wa babbar mota hoton zaki ko dawisu ko masallaci, sannan ya ɗora gajeren zance, kamar "Allah gatan kowa" ko "Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo". Jigogin sukan karkata ga tawakkali da haƙuri da habaici ga mahassada. Ƙarancin fili shi ya tilasta taƙaita kalmomi, domin dole ne mai karatu ya gama kafin mota ta wuce. Wannan ne ya sa karin magana ya fi kowane nau'in adabin baka dacewa da jikin mota.

3.0 Matsaloli

Matsala ta farko ita ce ta ƙa'idojin rubutu. Sau da yawa masu zane kan yar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, har "ƙasa" ta koma "kasa", "baƙi" ya koma "baki", ma'ana ta jirkice. Ta biyu ita ce ta zaɓen harshe. Duk da cewa Yola ce fadar Lamiɗo kuma cibiyar Fombina, Hausa da Ingilishi da Larabci suka mamaye jikin motoci, Fulfulde bai samu gurbin da ya dace da tarihinsa ba. Dalili kuwa shi ne, direba yana son a karanta saƙonsa tun daga Numan har Gombe da Kano.

4.0 Kammalawa

Adon tashar Mosko yana nan shekara da shekaru, na jikin mota kuwa da an sake fenti ya shafe. Saboda haka ya wajaba sassan nazarin harsunan Nijeriya su tattara waɗannan rubuce-rubuce da hotunansu, tare da shekara da wurin da aka same su, domin a iya auna yadda Hausa ke yaɗuwa a Adamawa.