Dardumar Marbu'a: Daga Ulu Zuwa Roba

A unguwar Mahdiya ta birnin Sabha, kamar ko'ina a Fezzan, a ƙasa ake saukar baƙo. Ɗakin baƙi na maza, wanda mutanen Libiya ke kira marbu'a, katifu ne jere a gindin bango da matasai, tsakiya kuwa darduma. A kanta ake cin abinci, a kanta ake dafa shayi, kuma da hunturu, lokacin da sanyin daren Sabha ke ratsa ƙashi, ita ke raba mutum da siminti. Sai dai yawancin abin da ake shimfiɗawa yau bai taɓa jikin tunkiya ba.

Ulu ne tushen sana'ar. Tumakin Libiya masu kitse a wutsiya ulunsu na da kaushi, bai yi wa riga ba, amma ya dace da abin da za a taka. Idan sanyi ya wuce sai a aske su, a wanke ulun a fitar da maiƙo da ƙasa, a shiɓe, mata su kaɗa da mazari. Daga nan sai rini: baba don shuɗi, ɓawon rumman don rawaya, saiwar fuwwa don ja, kuma ja da rawaya sai da alimun suke kamawa. Rashin ulu ne ma dalilin da ya sa ƙasar Hausa, duk da masaƙanta da marinanta, ba ta yi suna a darduma ba. Balami da Uda da 'Yankasa gashi gare su, ba ulu ba. Masaƙin Kano auduga ya samu, ita ya saƙa, shimfiɗar ulu kuwa sai ta zama kayan fatake, masu biyowa ta Murzuk da Ghat.

Saƙar hannu iri biyu ce. Akwai mai lebur, wato kilim da margum, wadda Misrata ta shahara da ita. Ana ɗaure zaren tsaye a masaƙar itace, mai saƙa ta zauna a gabanta tana ratsa zaren launi da yatsu, tana danne shi da matajin ƙarfe mai nauyi. Ba ta da takardar zane, adon yana kanta. Ɗayar kuwa mai gashi ce, irin ta Iran da Turkiyya, inda ake ƙulla guntun ulu a kan zaren tsaye biyu, a yanke, a sake ƙulla wani. A yi lissafi: idan ƙulli 4 ne a kowace santimita tsaye da kwance, darduma mai mita 2 da mita 3 ta ci ƙulli 960,000, kowanne da hannu. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai, domin dardumar Pazyryk da aka tono a kabarin ƙanƙara a Saberiya a 1949 ta haura shekara 2,000, kuma da ƙulli aka yi ta.

Abin da ya cika shaguna yanzu na inji ne, mafi yawa daga Turkiyya, musamman Gaziyantef, da zaren roba da ake samu daga man fetur. Abin mamaki, Fezzan ɗin da ke da rijiyoyin Sharara kusa da Ubari, ita ke sayen fetur a naɗe ta shimfiɗa a ɗaki. Kafet ɗin masallatai da ofisoshi ma sau da yawa ba saƙa ba ce, allurai ne ke cusa zare a jikin ƙyalle, a shafe bayan da gam.

Don a bambance su, mai saye ya juya dardumar ta baya. Ta hannu adonta ya fito a baya kamar gaba, layukan ba su miƙe sak ba, gezar kuma ƙarshen zaren tsayen ce. Ta inji komai daidai wa daida, gezar ɗinka ta aka yi. In an ciri zare ɗaya aka kai shi ga ashana, ulu ƙaurin gashi yake ya murmushe, roba kuwa ta narke ta dunƙule.

A ganina kuskuren da ake yi shi ne auna kyau da laushi. A garin da iskar gibli ke cusa rairayi ta kowace kafa, mai gashi rumbun ƙura ce, alhali margum sai a ɗaga a kaɗe a mayar. Garwashin shayi in ya faɗa kan ulu ɗan tabo yake bari ya mutu, a kan roba kuwa rami ne da ba ya gyaruwa. Amma ba zan zargi Bahaushen da ya taso daga Damagaram ko Maraɗi yana leburanci a Sabha ba don ya sayi ta roba. Tana da araha, tana wankuwa da bokiti biyu, ta bushe kafin la'asar, asu ba ya cinta. Ulu in ya jiƙe sai mutum biyu su ɗaga shi, in kuma aka naɗe shi da damshi aka ajiye, ruɓewa yake.